Gadon Jariri a Tsibiri

Zaki ya mutu ranar Alhamis da la'asar, a kan teburin cin abinci, Auta na tsaye a kansa da kofin shayi a hannu.

Zaki dai laftof ne, irin ƙattin nan da ake ƙerawa don masu wasannin kwamfuta: baƙi wuluk, nauyi kamar bulo, jan haske na tsattsafowa daga ƙarƙashin madannansa. Mijinta Dogo ne ya raɗa masa sunan, don in wasa ya ɗau zafi fankokinsa biyu kan yi wani irin gurnani har labulen taga ya motsa. Ran nan tana buɗe shi ya ce zai sabunta kansa, kada a kashe. Ba ta kashe ba. Ta zuba wa wata 'yar da'ira ido tana juyawa, tana juyawa, har shayin ya huce. Can sai allon ya yi shuɗi, ya rubuto wasu kalmomi masu kama da ta'aziyya, ya ɗauke ɗif. Ta sake kunnawa, ya maimaita. Sau bakwai tana kunnawa. A na takwas ta ja kujera ta zauna, ta kifa kai a kan murfinsa, ta sha kukanta ta ƙoshi.

Wanda bai sani ba zai ce shirmen masu wasa ne. Amma ta cikin Zaki ake bi a je wani tsibiri, a tsibirin kuma akwai gida mai shuɗiyar ƙofa, da gonar kabewa, da wata gada da Dogo ya rushe ya sake ginawa har sau huɗu, wai shi injiniya ne, ba zai iya barci da karkatacciyar gada ba ko da ta wasa ce. Shekara uku suna gina gidan nan su biyu, tun kafin aure, tun lokacin da in ya rubuto mata "ina wuni" sai ta yi minti biyar tana rubuta amsa tana gogewa. Yanzu sati bakwai ke nan da aka tura shi aikin wata madatsar ruwa a bayan duwatsu, inda waya ba ta kamawa sai an hau tudu. Ranar Lahadi kaɗai motar kamfani ke sauko da su gari. Daga ƙarfe huɗu zuwa shida sai ya shiga wani shagon wasanni ya kama kwamfuta, ita kuma ta buɗe Zaki, su haɗu a bakin shuɗiyar ƙofar. Awa biyun nan su ne rayuwarta a yanzu, sauran kwanakin duk jira ne.

Wannan Lahadin kuwa ta fita daban. Ranar Litinin likita ta miƙo mata takardar gwaji tana murmushi, ta ce, "Barka." Tun a matakalar asibitin Auta ta yi wa kanta alkawari cewa maganar nan ba za ta bi ta waya ba. Ɗaki za ta gina a gidan tsibiri, ɗan ƙarami mai taga ta gabas, ta sa gadon jariri a tsakiya, ta ja Dogo ya gani da idonsa. Shi za ta fara gaya wa kafin kowa a duniya.

Sai dai akwai Mama, mahaifiyar Dogo. Ranar Laraba ta leƙo, ta ga Auta ta ture soyayyen ƙwai tana toshe hanci. Tsohuwar ta yi mata kallon sama da ƙasa, ta gyara zama.

"Ni dai ban ga komai ba, 'yata," ta ce. "Amma kin san yana kirana ƙarfe shida na Lahadi, da zarar ya tashi daga wasan naku. Bakin nan nawa kuwa ba shi da sakata. Na gaya miki tun da wuri."

Auta ta sunkuyar da kai, kunya kamar ta nutse. Ta fahimci saƙon sarai: ko ta rigaya kafin shida, ko Mama ta riga ta.

Ranar Juma'a ta wuni a shagon tabarau inda take aiki, a ɗan ɗakin baya mai warin jiƙaƙƙen gilashi, tana ɗora gilasai a injin yanka, ruwa na tsiyaya a kan dutsen da ke cin gefensu. Ta ɓata gilashi guda, abin da rabonta da yi tun tana 'yar koyo. Mai gyaran kwamfuta na ƙasan benen ya jujjuya Zaki ya ce sai Laraba, aiki ya yi masa yawa. Da hutun rana ta fita bayan shagon, ta daɗe tana kallon wata lamba a wayarta, sannan ta rufe ido ta danna.

Yaya, babbar yayarta, tana aiki ne a wani ɗaki mai sanyi kamar firji, cike da manyan kwamfutoci marasa allo a jere kamar kabad, ita ke kiwonsu. Shekara goma ke nan wa'azinta ɗaya a gidansu: a rabu da manhajar kamfani, a koma buɗaɗɗiya. Ita da Dogo ba su taɓa zama a tebur ɗaya an tashi ba a yi musu a kan wannan ba. Ran da zai tafi ma, yana ɗaure takalmi a bakin ƙofa, abu ɗaya ya roƙa: "Komai ya faru, kar ki bari Yaya ta taɓa min Zaki."

"Ya mutu?" in ji Yaya a waya. Muryarta har rawa take. "Murus? Auta, ɗan dakata in ajiye wayar in taka rawa."

"Yaya, don girman Allah."

"Shekara nawa ina jiran kiran nan? Gobe da safe ina tafe. Ki ɗora ruwan shayi, ki kuma juya hoton mijinki ya kalli bango, kada ya ga abin da za a yi."

Ƙarfe tara na Asabar ta iso, jaka a baya, wata 'yar filashi rataye a wuya kamar sarƙar gwal. Ta soka ta a gefen Zaki, ta danna wasu madannai, sai ga gawa ta buɗe ido. Kafin komai ta kwashe hotunan bikinsu da takardun aikin Dogo ta zuba a wani faifai, ta sa Auta ta duba ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta naɗe hannun riga.

"To, ki yi ban kwana da tsohuwar manhajar."

"Ba zai ji ciwo ba dai ko?"

"Ji min yarinya. Kwamfuta ce fa, ba akuya ba."

Tana aiki tana bayani, bayanin da Auta ta ji ya fi sau ɗari a gidansu tana hamma. Wai manhajar nan ba ta da mai ita. Wani malamin makaranta ya rubuta layi goma a wata ƙasa, wata ɗaliba a wata ƙasar ta gyara masa kuskure, wani tsoho da ya ajiye aiki ya zauna ya rubuta yadda ake amfani da ita, duk kyauta, duk a fili, kowa na iya ɗaga murfin ya ga abin da ke cikin tukunyar. Yau dai Auta ba ta yi hamma ba. Mutanen da ke nesa da juna suna gina gida ɗaya, wannan ya sa tubali, wancan ya gyara masa zama: ai ta san wannan labarin, a cikinsa take. Ta ji idonta ya ciko, ta ɗora laifin a kan tururin shayi.

Ana cikin shigarwa wani shafi ya fito da ɗan akwati mai alamar amincewa a ciki. Yaya ta ja tsaki, ta cire alamar, ta wuce. Daga baya ta sa kalmomin sirri guda biyu. Ɗaya ta gaya wa Auta, ta ce ta shiga ce. Ɗayar kuwa yatsunta suka buga da gudu, kamar yadda suke yi kullum a wurin aiki, ba ta ce uffan ba. Auta ta ga duka biyun, amma buta ta yi fito a kicin, ta tashi.

Da aka gama, Yaya ta zare filashin ta ce, "Kunna da hannunki."

Auta ta danna. Kafin ta gama jan numfashi allon ya washe, fes, da hoton wani kogi tsakanin duwatsu. Intanet ya kama da kansa. Sauti ya fito. Hoton bikinsu ya buɗe, ga Dogo ya fi kowa tsawo yana dariya da dukkan haƙoransa. Har hasken madannan ya dawo, kuma yanzu ana iya zaɓar launi. Auta ta mayar da shi shuɗi, ta mayar kore, ta mayar ruwan hoda tana ƙyalƙyala dariya.

"Ruwan hoda! Mijinki zai suma," in ji Yaya.

"Ya suma, zan yayyafa masa ruwa."

Suka kama hannun juna suka zaga teburin suna tsalle kamar lokacin da suke yara, har matar ƙasan bene ta buga rufinta da sandar goge ƙasa. Suka toshe baki suka zauna, kafaɗu na rawa.

Sai aka zo kan wasan. Ya sauka lafiya, ya buɗe lafiya, ga teku, ga gada, ga shuɗiyar ƙofa. Auta ta dafe ƙirji. Ta danna madanni don 'yar mutum-mutuminta mai jar hula ta taka. Shiru. Can bayan an ƙirga uku, 'yar jar hular ta ɗaga ƙafa. Ta tsaya a haka, ƙafa a sama, kamar zakaran da ya taka ƙaya. Can ta sauke. Tsuntsun da ke shawagi a saman gidan ya maƙale a iska, ya yi tsalle gaba, ya sake maƙalewa. Fankokin Zaki kuwa tsit, ko numfashi ba sa yi.

"Yaya, me ya same shi?"

Yaya ta kawar da kai ta gyara tabarau. "Ƙaramin abu ne. Akwai hanya mai tsafta, bari in nemo ta."

Ta wuni tana nema. Ta buɗe wani baƙin allo tana zuba masa umarni, fararen rubutu na gangarowa kamar ruwan sama. Ta gwada wannan, ta sake kunnawa, ta gwada wancan. 'Yar jar hula ta ɗan ƙara sauri, daga tafiyar hawainiya zuwa ta tsohuwa mai ciwon gwiwa. A haka ko katako ɗaya ba za a iya ɗorawa daidai ba, balle ɗaki. Da rana ta yi sanyi Yaya ta rufe jakarta.

"Ki ba ni sati guda, zan shawo kansa."

"Sati? Gobe ne fa Lahadi!"

"To sai me? Wasa ne, Auta. In ba a yi wannan Lahadin ba a yi ta gaba. Ki kira shi a waya mana, kamar sauran mutane."

Maganar ta zo wa Auta har bakin leɓe. Ta haɗiye ta da ƙyar, don ta riga ta yi wa wani tanadinta. Ta raka Yaya bakin titi.

Da safiyar Lahadi, bayan ta yi wanki ta shanya a baranda, ta zauna gaban Zaki ita kaɗai. Ta tuna Yaya ta nuna mata wani dandali inda masu amfani da manhajar ke taimakon juna. Ta shiga tana ɗari-ɗari, kamar wadda ta faɗo ɗakin taron da ba a gayyace ta ba. Ta rubuta sunan samfurin laftof ɗin, ta ce jiya aka sa mata manhajar, komai na aiki sai wasa, kuma ba ta san komai ba, a yi haƙuri da ita. A ƙarshe ta ƙara layi ɗaya, ta goge, ta sake rubutawa: "Akwai wanda ke jirana ƙarfe huɗu."

Ba a yi minti ashirin ba wata mai kiran kanta Kakar 'Yan Biyu ta amsa. Ta ce ita ma irin laftof ɗin gare ta, jikokinta suka bar mata. Ta ba Auta wani gajeren umarni, ta ce ta buɗe baƙin allo ta rubuta shi harafi da harafi, ta kwafo abin da ya fito. Auta ta rubuta. Rubutu ya zubo, ba ta gane ko ɗaya ba, ta kwafa ta aika.

"Yauwa, ga shi nan a layi na shida," in ji Kakar. "Na'urarki katin hoto biyu gare ta, ƙarami da babba. Ƙaramin na rubutu ne da kallon hotuna. Babban shi ne na wasa, kuma barci yake, don ba a sa masa direbansa ba, wato 'yar manhajar da ke tashinsa aiki. Direban nan na kamfanin da ya ƙera katin ne, a rufe yake, ba a ganin cikinsa. Lokacin shigarwa akwai ɗan akwatin da ke tambaya ko a sa shi. Wanda ya sa miki manhajar ya cire alamar da gangan. Mun san irinsu, muna da su da yawa a nan, muna kuma ƙaunarsu. Ki gaishe shi, ki ce yau dai a yi haƙuri."

Ta haɗo da umarni guda, ta ce shi ke nan maganin. Auta ta rubuta shi. Baƙin allon ya nemi kalmar sirri. Ta sa tata, ya ce ba ita ba. Ta sake, ya ce ba ita ba. Sai ta tuno tsakin nan, da yatsun nan masu gudu. Ta ɗauki waya.

"Yaya, ki zo yanzu. Kuma ki taho da ɗaya kalmar."

Ƙarfe uku saura kwata Yaya ta shigo tana haki, motar haya ta tsaya da su a hanya. Ta karanta amsar Kakar a tsaye, fuskarta na canza launi.

"Wace ce wannan tsohuwar mai shiga abin da ba ruwanta?"

"Gaskiya ta faɗa ko ƙarya?"

Yaya ta ajiye jaka. "Gaskiya ce. Na sani tun jiya."

"Kin sani! Kika bar ni ina kallon ƙafa a sama wuni guda?"

"Auta, shekara goma ban sa rufaffen abu a kan wata na'ura da hannuna ba. Shekara goma! A ofis har tsokanata ake yi. In na sa yau, da wane ido zan kalli mijinki? Har jikokinsa sai ya ba su labari."

"To ba ni kalmar in sa da kaina."

"Ba a ba da wannan kalmar. Ko shugabanmu bai san tawa ba."

"Nan ofis ne? Teburin cin abincina ne fa!"

Yaya ta buɗe baki za ta ba da amsa, sai idonta ya sauka a kan wata takarda da ke ƙarƙashin kofin shayi. Bayan takardar gwajin ido ce ta shagon su Auta, an yi zane da biro: ɗan ɗaki mai kusurwa huɗu, taga ɗaya da kibiya an rubuta "gabas", a tsakiya kuma wani ɗan gado mai shinge kewaye, an ƙawata shi da ƙananan taurari. Yaya ta ɗaga takardar. Ta dubi zanen, ta dubi ƙanwarta, ta sake duban zanen. Ta ɗago kai za ta yi magana.

"Kar ki faɗa," Auta ta ce da sauri, ta ɗaga hannu. "Ban gaya miki ba. Ban gaya wa kowa ba. Shi ne na farko."

"Ni me na gani? Zanen kejin kaji na gani," in ji Yaya, hawaye na bin kumatunta. Ta cire tabarau ta goge da gefen riga, ta ja hanci. "Matsa min, sakarya. Tun jiya ba sai ki ce min akwai dalili ba?"

Ta zauna ta ɗora yatsu a kan madannan, sai kuma ta janye su. Ta ɗauki biro ta rubuta kalmar a ƙasan zanen, ta tura wa Auta.

"Naki ne. Tun jiya ya kamata in ba ki. Ke za ki sa, ni zan juya baya, in aka tambaye ni in ce ban gani ba."

Ta juya baya kuwa da gaske, ta fuskanci firji. Auta ta buga kalmar. Rubutu ya fara gangarowa, ya yi ta gangarowa, agogon bango ya ce uku da minti goma, ya ce uku da kwata. Aka ce a sake kunnawa. Ta sake. Allon ya yi baƙi ƙirin, ya zauna a haka. Daƙiƙa biyar. Goma. Auta ta ji Yaya, wadda wai ba ta kallo, ta damƙe mata kafaɗa har da farce.

Sai kogin nan ya bayyana.

Ta buɗe wasan. Tun kafin teku ya gama fitowa wani sauti ya taso daga cikin Zaki, a hankali da farko, sannan ya cika ɗakin, iska mai ɗumi ta daki hannunta, takardar zanen ta tashi sama Yaya ta cafke. Tsuntsun saman gida ya kaɗa fiffike ya wuce sumul. Auta ta danna madanni, 'yar jar hula ta zura da gudu ta tsallake gadar kamar an sako ta daga kurkuku.

"Ya tashi! Yaya, ya tashi!"

"Na ji, ai duk unguwa ta ji. Yi aikinki, saura minti arba'in."

Ba ta taɓa gini da sauri irin na ranar ba. Ta sare itatuwa shida a bayan gida, ta fasa bangon gabas, ta jera katako. Yaya ta ja kujera kusa, ta riƙe zanen tana ba da umarni kamar shugabar leburori, ita da ko sau ɗaya ba ta taɓa wasan kwamfuta ba. "Tagar ta karkace. A'a, hagu. Hagunki, Auta! Wa ya koya miki gini?" Rufin ya ƙi zama sau biyu. Fentin rawaya ya ƙare, aka ƙarasa bango ɗaya da fari. Ƙarfe huɗu saura minti uku ta haɗa katako huɗu da ƙyallen auduga, ɗan gado ya fito, ta ajiye shi a tsakiya inda hasken tagar ke sauka. Ta koma da gudu bakin shuɗiyar ƙofa ta tsaya. Kafin ta manta ta leƙa dandalin ta rubuta wa Kakar, "Ya yi! Allah ya saka da alheri." Amsa ta zo nan take: "Je ki, kar ki sa shi jira."

Ƙarfe huɗu da minti biyu ɗan mutum-mutumi mai hular kwano ya bayyana a kan gada. Shagon da yake zama hayaniya gare shi, don haka rubutu suke yi.

"Gimbiyar tsibiri," ya rubuto. "Na yi kewarki kamar in yi iyo in taho."

"Biyo ni," ta rubuta. Yatsunta ba za su iya fiye da haka ba.

"Tsaya in kwashe kabewa tukuna, sun nuna tun wancan satin."

"Dogo, biyo ni!"

Sai da ya kwashe su. Ya biyo ta rungume da kabewa, suka ratsa falo, suka shiga sabon ɗakin. Ya tsaya, ya juya hagu, ya juya dama.

"Kai! Sito! Wallahi kin san abin da ke raina, dama ba mu da wurin ajiya."

Ya taka har gaban ɗan gadon ya zuba kabewa uku a ciki.

Yaya ta zame daga kujera ta zauna a ƙasa, ta cusa gefen labule a baki. "Wannan ne injiniyan? Wannan aka ba madatsar ruwa?"

Auta na dariya tana hawaye ta kwashe kabewar ɗaya bayan ɗaya ta ajiye a ƙasa. Ya mayar da guda.

"Bar su a akwatin mana, za su ruɓe a ƙasa."

"Ba akwati ba ne. Ɗora linzamin kwamfutarka a kai ka karanta sunansa."

Mai hular kwano ya tsaya cak. Daƙiƙa goma, ashirin. Can sai ya fara tafiya shi kaɗai, ya doshi bango, ya ci gaba da takawa goshinsa manne da farin fenti, alamar can a shagon wani ya manta yatsansa a kan madanni. Wasu haruffa marasa ma'ana suka faɗo a wurin rubutu. Sai wayarta ta ɗau ruri a kan tebur.

Ta ɗauka. Hayaniyar shagon ta cika kunnenta, da ƙarar kujerar da ta faɗi, da numfashinsa.

"Auta," ya ce. "Auta, kar ki yi min wasa. Na yi kuskuren karatu ne?"

"Ba ka yi ba."

"Faɗa min da bakinki. Don Allah. Ina so in ji."

Yaya ta tashi a hankali ta shige kicin ta ja ƙofa. Auta ta dubi agogo, huɗu da minti goma sha ɗaya. Ta dafa cikinta da ɗaya hannun, ta faɗa masa, kalma uku kacal, ta kuma sake faɗa don ya ce bai ji ba, alhali ta san ya ji. Ta ji ya juya yana gaya wa mutanen shagon, mutanen da bai san sunan ko ɗayansu ba, ta ji tafi da fito sun ɓarke, wani na cewa a ba shi ruwa ya zauna kafin ya faɗi.

Da ya dawo kan kujerarsa bai kashe wayar ba, ita ma ba ta kashe ba. A allo mai hular kwano ya baro bango, ya zo gaban gadon, ya ɗauke kabewar da ta rage a hankali ya kai ta waje. Ya dawo ya tsaya kusa da 'yar jar hula. Daga nan ba su fita saran itace ba, ba su koma gona ba. Har ƙarfe shida suna tsaye a ɗan ɗakin su biyu, yana tambayarta ko ta ci abinci, tana cewa ta ci, yana sake tambaya.